Tuddan Doya da Murafan Kwalba

Angwan Akaa, ta hanyar Ashige
8 ga Maris, 2004

Mahir,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ga ni nan, gwiwa ce take damuna, sauran jikin da sauƙi. Ka gai da matarka Mutmainna, ko da yake ban taɓa ganinta ba, tun da ba a ga damar kawo mana ita ba.

In ka manta ko wace ce, ni ce Batulu malamar firamare. Kakana da kakan babanka Sha'aibu uwa ɗaya uba ɗaya suke, don haka Gwaggo za ka ce, ko kana so ko ba ka so. Rabona da kai tun rasuwar babanka, da ka tsaya can gefe cikin kwat kana duba agogo.

Bayan haka, ba zumunci ne ya sa na ɗauki biro ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Buƙata ce. An aiko takarda daga ofis cewa duk mai tsohon satifiket na Gired Tu, irina, za a zo a zauna a ajinsa a ga yadda yake koyarwa. Wanda ya ci a bar shi da ajinsa, ya yi karatun NCE lokacin hutu. Wanda ya faɗi a sallame shi. Tawa ranar sha tara ga Mayu ce. Shekara ashirin da shida ina riƙe da alli, yau kuma wani da aka haifa ina cikin aji zai zo ya duba ko na iya. Allah ya kyauta.

Hedimastanmu Aloysius mutumin kirki ne. Ya kira ni ofis ya ce, "Malama, koyarwan ka ba matsala. Amma lesin not ɗin ka tsohon yayi ne, su kuma takarda suke dubawa." Gaskiya ya faɗa. Littafin shirin darasina layi huɗu nake rubutawa kowace Litinin, ya sa jan biro ya ce ya gani, kowa ya kama gabansa.

Aji huɗu nake riƙe da shi, yara tamanin da bakwai, benci goma sha ɗaya. Yawancinsu 'ya'yan manoman doya ne. Tun suna aji biyu nake tare da su, kuma burina in kai su aji shida da hannuna. Bayan ajinmu akwai gonar makaranta, a nan nake rabin aikina. Lissafin sau a kan tuddan doya muke yi, tuddan nan da ake tarawa da garma a binne iri a ciki. Kimiyya ma a nan ne, mu tona mu ga saiwa. Ko Turanci, yaron da ya riƙe garma ya ce abin da yake yi ba ya mantawa. Amma wa zai rubuta wannan a fom?

An ce kai ne kake koya wa malamai koyarwa a Zariya. Ban san ajin da ka taɓa riƙewa ba, amma dai an ce. Ka rubuto mini darasi ɗaya na lissafin sau, irin na zamani da suke so, da dogayen kalmominsa duka. Ka ba Ugondo, direban motar doya da ya kawo maka wannan. Duk bayan sati biyu yana wucewa ta wajenku.

Gwaggonka,
Batulu

Zariya
29 ga Maris, 2004

Gwaggo Batulu,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Mu nan ƙalau muke, Mutmainna tana amsawa. Direbanki ya kawo takardar har ofis da ƙasar doya a jikinta, ya tsaya yana kwaɗa mini kira da sunana a gaban ɗalibaina. Nan gaba ki ce ya bar wa masinja.

Na karanta bayaninki sau biyu. Gwaggo, ki yi haƙuri, amma abin da kike yi ba koyarwa ba ne, yawo ne da yara. Babu manufa a rubuce, babu lokaci, babu ma'auni. Na karanta wa ɗalibaina wani sashe na takardar, ban faɗi sunanki ba, har wata ta yi dariya da hawaye a wajen tuddan doya. Irin wannan ne ya sa ake son a tace malamai, kuma ni ina cikin masu goyon baya. Amma ke tawa ce, ba zan ƙi ki ba.

Ga darasin nan na sa an buga miki da na'ura. Minti talatin da biyar ne cif. Minti biyar na farko ki tambayi darasin baya. Minti goma ki nuna a allo. Sai aikin rukuni na minti goma sha biyu: ki raba su biyar-biyar, ki ba kowane rukuni murfin kwalba arba'in, su jera su layi-layi a kan kwali, su gano da kansu cewa biyar sau takwas arba'in ne. Wannan shi ne zuciyar darasin, shi ake kira koyo ta hanyar aiki, kuma a nan sufeto yake ba da maki mafi yawa. Minti biyar ki auna fahimtarsu, minti uku ki kammala. Manufar tana sama, na ja mata layi. Ki haddace ta, don za a iya tambayarki.

Na ga kin rubuta yara tamanin da bakwai. Na ɗauka biro ne ya zame, talatin da bakwai kike nufi, domin a ƙa'ida aji ba ya wuce arba'in. A kan haka na yi tsarin.

Ki kwafe shi cikin littafinki kalma da kalma. Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki fita da yaro ko bakin ƙofa. Sufeto yana riƙe da littafinki yana bi layi-layi, abin da kika rubuta shi za ki yi. In kin bi wannan, ko makaho ne ya zo sai ya ba ki maki.

Naki,
Mahir Sha'aibu

Angwan Akaa
17 ga Afrilu, 2004

Mahir,

Muna lafiya. Ruwa ya sauka, doya ta fara tsiro.

Birona bai zame ba. Tamanin da bakwai na rubuta, tamanin da bakwai ne, in kana so in aiko maka da sunayensu. Ka gai da mai dariyar nan, ka ce ina gayyatarta sati ɗaya.

Na yi lissafin da kai ba ka yi ba. Rukuni goma sha takwas ke nan, murfi ɗari bakwai da ashirin. Ka san garin da ka aiko wa wannan takarda kuwa? Nan ba a shan lemon kwalba sai Kirsimeti. Inda kawai ake samun murfi shi ne gidan giyar Madam Mnena a bakin mararraba. Ni Batulu, da hijabina, na tafi da bokiti na yi sallama. Ta leƙo ta ce, "Ah, Hajiya, ashe kai ma ka fara?" Duk mazan wurin suka kwashe da dariya. Sau uku na wanke murafan nan da sabulu, har yau in na buɗe buhun da na zuba su sai warin ya buge ni.

Na kwafe darasinka, shafi uku. Aloysius ya ce tun da yake bai taɓa ganin lesin not mai kyau haka ba, har ya kai wa sauran malamai su gani. Ni dai ina da tambaya. Ka gaya mini, in minti goma sha biyun nan suka ƙare ban gama rabon murfi ba, me zan yi? Ka amsa kafin sha tara ga wata mai zuwa.

Batulu

Zariya
25 ga Mayu, 2004

Gwaggo,

Da fatan kina lafiya. Takardarki ta zo ina wani taro a Abuja, sai shekaranjiya na gan ta a ƙarƙashin fayiloli. Na ga ranar ta wuce, kuma na san an dace, don haka ina taya ki murna. Tambayarki ta rabon murfi ba wata tambaya ba ce. Malamin da ya iya sarrafa aji minti biyu ya ishe shi.

Labarin Madam Mnena ya ba mu dariya sosai a ofis. Kin ga dai amfanin ilimi yanzu. Ki riƙe tsarin nan, ki riƙa canja lambobi kawai, zai yi miki har ki yi ritaya.

Naki,
Mahir

Angwan Akaa
4 ga Yuni, 2004

Mahir,

Ba ni da lafiya, in kana tambaya. Murnarka ta iso kwana biyu bayan takardar sallamata. Na ajiye su wuri ɗaya.

Bari in ba ka labarin darasinka, tun da kai ba ka taɓa ganin an yi shi ba. Sufeton sunansa Mista Iorliam. Ya zauna a bayan aji, ya cire agogonsa ya ɗora a kan tebur, ya buɗe littafina. Minti goma sha biyar na farko sun tafi daidai, ina magana da bakinka, yara suna kallona kamar baƙuwa. Sai aka zo zuciyar darasin. Ka taɓa raba yara tamanin da bakwai gida goma sha takwas a ɗakin da ba wurin aje ƙafa? Ina ƙirga wa rukuni na shida murfi, na farko sun riga sun gano amfaninsa. Ƙwallo suke bugawa da shi da yatsa, har da gola. Wani ya karanta sunan giyar da ƙarfi ya ce irin ta babansa ce. Murfi a ƙarƙashin benci, murfi a aljihu, wata tana kuka an kwashe nata. Na dubi agogon nan na ga minti goma sha biyunka sun tafi, ko yaro ɗaya bai jera layi ba.

Wallahi kunya ta kama ni, ba ta sufeto ba, ta yaran. Na ce su zubar, kowa ya fito.

Muka zaga gona. Layi goma sha uku ne, kowane layi tudu goma sha biyu. Na ce layi bakwai, mutum takwas-takwas, kowa ya kama tudunsa. Sauran suka tsaya a bakin gona suna ƙirga. Na ce su fuskanci coci. Layi nawa? Bakwai. Mutum nawa a layi? Takwas. Duka nawa? Hamsin da shida. Na ce to kowa ya juya ya fuskanci titi. Yanzu layi nawa? Takwas, mutum bakwai-bakwai. Wa ya tafi? Ba kowa! Wa ya zo? Ba kowa! To takwas sau bakwai nawa? Ihun da suka yi sai da 'yan aji biyar suka leƙo ta taga.

Mista Iorliam ya biyo mu, takalminsa duk taɓo. Ya ce bari ya gwada su, gonar duka tudu nawa ne, kuma ba a ƙirga ɗaya-ɗaya. Akwai wata yarinya Sewuese, wadda ta yi shekara biyu a ajina kafin in ji muryarta. Ta ɗauko igiyar da muke jan layi da ita, ta shimfiɗa bayan layi na goma. Ta ce wannan gefe ɗari da ashirin, wancan talatin da shida, duka ɗari da hamsin da shida. Ban taɓa koya mata haka ba, ita ta gano abinta. Mutumin nan ya yi murmushi, da idona na gani.

Da muka koma ofis sai ya ce, "Malama, ni ma ɗan gona ne, na gane abin da ka yi. Amma fom ba shi da wurin gona." Ya nuna mini. Malama ta bi abin da ta rubuta? A'a. Ta yi amfani da kayan aikin da ta lissafa? A'a. Ta kiyaye lokaci? Ta zarce da minti ashirin. Ta sarrafa aji? Ka san amsar. Da layi huɗun nan nawa na bari a littafin, da na rubuta gona na je gona, ba mai cewa na saɓa. Shafi ukunka ne suka tsaya suka ba da shaida a kaina.

An ba wata yarinya ajina, Vera, sabuwar NCE. Ba ta da laifi. Ranar da na miƙa mata rajista yaran suka biyo ni har bakin titi, sai da Aloysius ya kora su da sanda. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Ka karanta wa ɗalibanka wannan ma. Ka faɗi sunana.

Batulu

Zariya
10 ga Yuli, 2004

Gwaggo,

Na ji abin da ya faru, ban ji daɗi ba. Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Amma a faɗi gaskiya, na rubuta miki ƙarara kada ki fita da yaro ko bakin ƙofa. Ba tsarin ne ya faɗi ba, ba a bi shi ba ne. Sufeton aikinsa ya yi. Shekara ashirin da shida ma ai an yi ƙoƙari, ki huta, ki bar wa masu jini a jika.

Bayanin gonar da kika yi yana da ɗan ban sha'awa. Na ajiye takardar.

Naki,
Mahir

Lafiya
20 ga Fabrairu, 2006

Dakta,

An ce haka ake kiranka yanzu. Ina lafiya. Na dawo cikin gari, ina tsaron shagon ƙanena a kasuwa, ina auna wa mutane gishiri da barkono. Shekara ɗaya da rabi ban rubuto ba don ba ni da abin cewa. Yau ina da shi.

Jiya Vera ta zo sayayya, ta ciro wani littafi daga jaka. An raba wa duk makarantu, mai koren bango, da hotonka a baya ka dafe haɓa. Ta buɗe mini shafi na arba'in da ɗaya. "Dabarar Tuddai: sabuwar hanyar koyar da lissafin sau ga 'ya'yan manoma, wadda Dakta Mahir Sha'aibu ya ƙirƙiro bayan dogon bincike." Tabɗi! Dogon bincike kam, tun daga Zariya har ƙarƙashin fayil.

Layi bakwai, mutum takwas. A juya a fuskanci wani gefe. Wa ya tafi, wa ya zo. Ko lambobin ba ka iya canjawa ba, kai da ka ce in riƙa canja lambobi. Cocin kawai ka cire ka sa gabas. Har igiyar Sewuese ka ɗauka, yarinya 'yar shekara goma, ka mai da ita mataki na huɗu. Abin da aka kore ni a kansa, abin da ɗalibarka ta yi wa dariya da hawaye, yau shi ne darasi na bakwai, da manufa a sama an ja mata layi. Tir!

Ba na neman sunana a littafinka, ba na son a gan shi kusa da wannan hoton. Abu ɗaya dai, akwai jimla guda a shafin da ba ni na rubuta ba, kai ka ƙara da basirarka. Na karanta ta sau uku, na yi dariyar da rabona da ita tun aka sallame ni. Ba zan gaya maka wace ce ba. Manoma za su gaya maka.

Batulu

Zariya
16 ga Mayu, 2006

Gwaggo Batulu,

Gaisuwa da girmamawa. Ya jiki, ya kasuwa? Mutmainna ta ce in gaishe ki sosai, tana son ta zo ta gan ki da yara in an yi hutu.

Takardarki ta yi zafi, amma na bar ta a matsayin faɗan uwa. A ilimi, dabara ba ta zama dabara sai an tsara ta, kuma tsarin ni na yi. Mu bar wannan.

Wata matsala ce ta taso. Masu ɗaukar nauyin littafin za su zo Lafiya ranar sha huɗu ga Yuni su ga ana darasi na bakwai da idonsu, kafin su amince a buga kashi na biyu. Makon jiya na zo gwaji a wata makaranta bayan Shabu. Ban samu lokacin biyowa ta kasuwa ba. Aka aro mana gonar wani dattijo, Aper. Na bi littafin daki-daki, na ce kowane yaro ya hau kan tudunsa ya tsaya, don a gan su sosai daga nesa. Yaran suka ƙi. Na ɗauka ƙauyanci ne, na sa malaminsu ya tsawata musu, suka hau. Ashe tsiron doyar yana ƙarƙashin ciyawar nan da ake ɗorawa a kan tudu, kuma in ya karye ya karye. Dattijon ya fito da 'ya'yansa da garemani. Ba zan tsawaita ba, na bar takalmi ɗaya a gonar, maganar kuma har gaban mai unguwa.

Da kin gaya mini tun a Fabrairu, da ba a kai nan ba.

Ga shawarata. A yi nunin a tsohuwar makarantarki, a gonarku, da yaranki, tun da suna aji shida yanzu kuma sun saba. Ke za ki tsaya da su, ni zan yi wa baƙi bayani da Turanci. Ba sai kin yi magana da kowa ba. Na taɓa wani babba a kan batunki, ya ce in nunin ya yi kyau za a iya mai da ke aji a kan kwantiragin shekara biyu. Kin ga kowa ya samu. Ki sa kaya masu kyau, kuma don Allah a tsaya a minti talatin da biyar.

Ki ba Ugondo amsa, ya kawo mini har ofis, kada ya bar wa kowa.

Ɗanki,
Mahir

Lafiya
27 ga Mayu, 2006

Mahir,

Lafiya lau. Ka ce wa Mutmainna ta zo, ita ba ta yi mini komai ba.

Kowa ya kama tudunsa na rubuta. A gefensa ake tsayawa, a cikin kwari. Ɗan shekara uku a Angwan Akaa ya san ba a taka tudu, shi ya sa ban rubuta ba. Yaran da ka kira 'yan ƙauye sun ba ka amsa daidai, ka sa aka tsawata musu.

Zan gaya maka abin da ban so faɗa ba. Da na karanta maganar kwantiragin nan, na yi kwaɗayinta. Na raina ka, har yanzu ina raina ka, amma ina son aji fiye da yadda nake raina ka. Na ce ko bayan kai zan tsaya ina murmushi kamar bebiya, zan tsaya. Washegari da safe na rufe shago, na hau mashin har Angwan Akaa, da gwiwar nan tawa. Rabona da garin tun ranar rajista.

Babu gona. An gina sabon bulo mai aji uku a kanta tun rani, da fenti ruwan ɗorawa. Aloysius ya ce, "Malama, ba ka ji ba? Sun ce nan ne fili mai kyau." Vera ma ashe ta sani, ta kasa gaya mini.

Na leƙa ajinta ta taga. Darasi na bakwai take yi. Ta zana ƙawanya hamsin da shida a allo ta ce tuddai ne, yara suna maimaitawa a bayanta, wa ya tafi, ba kowa, wa ya zo, ba kowa. Ba wanda ya juya, ba wanda ya san me ya sa ake tambayar. Littafinta tsaf, jan biro ya ce ya gani.

'Yan aji shida suna cikin sabon ginin. Suka hango ni, ajin duka ya miƙe, malaminsu bai iya riƙe su ba. Sun yi tsawo, wasu sai da na tambayi suna. Sewuese ta kama hannuna ta ja ni kan barandar, ta buga ƙafa a siminti ta ce, "Malama, a nan layi na goma yake." Na zauna a wurin na yi kuka a gabansu. Watan Yuli za su fita, ba ni na kai su ba.

Duk da haka ban haƙura ba, ka ji irin wautata. Na bi gida-gida neman aron gona, gida biyar, duk iyayen yarana ne. Labarinka ya riga ni. Daga Shabu har Ashige ba manomin da zai bar makaranta ta sa ƙafa a gonarsa bana. Baban Sewuese ya ce, "Malama, kai mun yarda da kai. Amma an ce mai littafin zai zo." Ban iya ce masa ƙarya ne ba.

Saboda haka ba gona, ba nuni, ba kwantiragi. Sau biyu ke nan kana fitar da ni daga aji, kuma duk biyun ba ka san ka yi ba.

Ka zo da baƙinka ranar sha huɗu. Aloysius ya ce zai ba ka aji huɗu, bana su casa'in da uku ne, kuma birona bai zame ba. Ugondo zai sauke maka wani buhu tare da wannan takarda. Murafanka ne, ɗari bakwai da ashirin, ban da waɗanda suka tafi a aljihu. Na wanke su sau uku. Ka ƙaro arba'in a wurin Madam Mnena, ta san hanya, ka ce ni na aiko ka. Minti biyu ya ishe ka rabawa.

Gwaggonka,
Batulu